Sabon Gari: Tarihin Raba Mazauni a Ƙasar Hausa

Sabon Gari suna ne na unguwannin da Turawan mulkin mallaka suka yanka a bayan ganuwar biranen Arewacin Najeriya a farkon ƙarni na 20, domin zaman baƙi. Galibin waɗanda aka fara zaunarwa a ciki akawuna ne da kafintoci da ma'aikatan reluwe daga Kudancin Najeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. Unguwar ita ce hawa na tsakiya a wani tsari mai hawa uku: Bature a keɓe, baƙon Afirka a keɓe, ɗan gari kuma a cikin birni ƙarƙashin sarkinsa. Na Zariya da na Kano su ne suka fi tsufa da shahara.

Kafin zuwan Turawa

Zaman baƙo a garin Hausa ba sabon abu ba ne, kuma a da ma kowa da inda yake sauka. A cikin birnin Kano akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa. Amma duk a cikin ganuwa suke, alƙali ɗaya ke yi musu shari'a, Kasuwar Kurmi ɗaya suke ci. Jikan wanda ya zo da fatauci yakan wayi gari Bakano, sai dai sunan unguwa ya riƙa tuna masa tushensa.

Jega ma misali ce, har ta fi Kano fito da abin fili, domin ita kanta garin waɗanda suka rasa gida ne. A ƙarshen 1803 mayaƙan Gobir suka fasa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma kuɓutar da kamammun Gimbana da jama'ar Shehu suka yi a kusa da Degel yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Daga baya Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, aka yaƙe shi, ya rasu. Ɗansa Buhari ne ya tattara Gimbanawa ya kafa Jega wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, ƙarƙashin Gwandu. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular: ayarin goro mai zuwa Gwanja yana yada zango a nan, ana kawo gishiri da kanwa daga arewa, tufafi daga Kano da Nupe, da dabbobi, da bayi ma, don bai kamata a ɓoye wannan ba. Falke yana sauka gidan fatoma, shi ne mai masaukinsa, shi ne dillalinsa, shi ke tsaya masa in rigima ta taso. Baƙo yana da ubangida a cikin gari, ba a kai shi bayan gari.

Dokar 1917

Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ma'aikata suka yi ta kwararowa. A 1913 aka yanka filayen Sabon Garin Kano, layi-layi a miƙe, fuloti kusa da fuloti, saɓanin lungunan birni. Dokar garuruwa ta 1917, zamanin Gwamna Lugga, ita ta ba tsarin ƙafa. Ta kasa garuruwa aji uku, Legas kaɗai a aji na ɗaya, irin su Kano da Zariya da Kaduna a na biyu.

A ƙarƙashin wannan tsari ana barin fili fetal mai faɗin yadi 440, wato kwatan mil, tsakanin unguwar Turawa da gidan baƙar fata mafi kusa. Hujjar da aka bayar ita ce lafiya. Tun da Ronald Ross ya gano a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa nisantar 'yan Afirka, musamman yara, shi ne kariya. Hujjar ba ta da ƙwari, domin kuku da boyi da mai doki suna kwana a ɗakunan bayan gidan Baturen, sauro kuwa bai san kan iyaka ba. A wasu garuruwan wannan fili shi ya zama filin sukuwa da na folo.

Raba Sabon Gari da birni kuma siyasa ce zalla. Turawa sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka coci da makarantar mishan da gidan giya duk aka tura su bayan ganuwa. Sun kuma ji tsoron akawun Legas mai karanta jarida, kada ya koya wa talakan sarki gardama. Sai aka sa Sabon Gari ƙarƙashin majistare Bature, da kotunsa daban. 'Yan Arewa da ba Kanawa ba aka nuna musu Tudun Wada, Kwarori suka yi kantunansu a wajen Fagge, Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai.

Ƙasar Gwandu ba ta ga wannan tsari da irin wannan tsanani ba, saboda jirgin ƙasa bai je ba. Layin da ya nufo yamma ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Jega ta yi asarar matsayinta na da a fatauci, amma kuma ba a tsaga ta gida uku kamar Kano ba.

Yadda shingen ya ɓule

Takarda daban, zama daban. Tun farko Hausawa da Nufawa sun zauna a Sabon Garin Kano, kuma Hausa ce harshen cinikin kasuwarsa. A 1940 aka mai da unguwar ƙarƙashin En'e. A nan ne kuma wasu matasa takwas, cikinsu har da Bello Ijumu da Abba Maikwaru, suka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta 1950. Abin da Bature ya gina unguwar don ya hana, a cikinta aka haife shi.

Wariyar launin fata ita ta fara faɗuwa. A 1947 otal ɗin Bristol da ke Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki, alhali babban jami'i ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan, don kawai baƙar fata ne. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa Gwamna Arthur Richards ya haramta nuna bambanci a wuraren jama'a. Unguwar Turawa ta koma GRA, bayan 1960 kuma manyan ma'aikata da attajirai suka gaje ta da kulob ɗinta da bishiyoyinta.

Rabuwar da ke tsakanin 'yan ƙasa ita ce ta ƙi tafiya. Rikicin Kano na Mayun 1953 tsakanin Fagge da Sabon Gari aka gwabza shi. A 1966 aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, unguwar ta kusa zama kufai. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970 da yawa suka dawo suka karɓi gidajensu, har yau kuma titunan suna amsa sunayen Abeokuta da Enugu da Warri.

Al'ada a matsayin magani

Gwamnatocin bayan yaƙi sun nemi ɗinke ɓarakar ta hanyar cuɗanya da bukukuwa. Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa ta NYSC a 1973, aka yawaita makarantun haɗaka na tarayya, aka yi FESTAC a 1977 da babban hawan daba a Kaduna. Afirka ta Kudu ta bi irin wannan hanya bayan zaɓen 1994: ranar 24 ga Satumba, wadda a da Zulu ke tunawa da Sarki Shaka, ta zama ranar al'adun kowa. Sai dai wariyar can ta fi ta nan nisa da muni, domin dokar 1950 ta raba ƙasa sukutum bisa launin fata, aka rushe unguwanni aka kwashe mutane da ƙarfi.

Jihar Kebbi, inda Jega take, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991 da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, tana da nata misalin da ya girmi duk waɗannan. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, bayan gabar da ta haura shekara ɗari tsakanin Kabawa da Sakkwato. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016.

Ɗan ƙasa da baƙo

Biki yana haɗa mutane kwana uku ko huɗu, amma gurbin karatu da aikin gwamnati takarda suke tambaya. Tsarin mulkin 1979 ya shigo da raba daidai tsakanin jihohi, da kyakkyawar niyyar kada wani yanki ya danne wani. A aikace sai ya haifi takardar indijin, wadda mai nema ke bi ta hannun mai unguwa da hakimi kafin sakatariyar ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Karin maganar nan ta baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wadda a da magana ce ta fatar baki, ta samu ofis da fayil.

Abin yana cin kowa. Bahaushen Sabo a Ibadan, unguwar da aka kafa tun 1916, baƙo ne a takarda, kamar yadda ɗan Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano yake, ko da Hausarsa ta fi ta malaminsa. Haka a Jihar Kebbi, ɗan mai shagon kayan gyaran mota a Jega, ko ɗan dillalin da ya zo sayen albasa Aliero ya zauna, ko ɗan malamin makarantar da aiki ya kawo Maiyama: in zai shiga jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, za a tambaye shi garin ubansa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda asali, amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha cikin 'yan asalinta, sashe na 318 kuma ya auna zama ɗan jiha da al'ummar da iyaye ko kakanni suka fito, ba da wurin haihuwa ko yawan shekarun biyan haraji ba.