Daga Katsina zuwa Jidda: nisan taswira da nisan tafiya

Idan aka auna tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina da na Sarki Abdul'aziz a Jidda, bisa hanya mafi kusa a doron ƙasa, ana samun kimanin kilomita 3,500. Jirgin da ke gudun kilomita 850 a sa'a zai ci wannan tazara cikin sa'o'i huɗu da 'yan kai, har da tashi da sauka. Hanyar ta ratsa samaniyar Nijar da Chadi da Sudan, kafin a tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan dā suke bi a ƙasa ta Darfur zuwa Sawakin, wasu su shekara biyar ko fiye, wasu su zauna a Sudan har abada.

Sai dai jirgi ba ya bin ma'aunin taswira, yana bin inda aka ba shi izini. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, an rufe samaniyar ƙasar ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa zagaye, tafiya ta ƙaru da sa'o'i, mai ya ƙaru, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Katsina da Jidda suna nan inda suke, amma kuɗin jigila ya tashi.

Maniyyacin Kankara ko Faskari ko Sabuwa ya san irin wannan zagaye tun kafin ya ga jirgi. Daga Sabuwa, can iyakar jihar Kaduna, zuwa birnin Katsina bai kai kilomita 300 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na tafiyar sama, amma yana iya cinye masa lokacin da ya kai na jirgin. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Kankara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, aka ce su zagaya ta Funtuwa. A shekarar ce kuma aka katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi uku da wasu maƙwabtansu, ta yadda ko saƙo sai an aiko mutum. Direba a nan yakan fara tambayar ko hanya ta yi kyau kafin ya yi maganar kuɗin mota.

Saboda haka duk mai lissafin nisan hajjin mutanen wannan yanki, ya fara daga ƙofar gidan maniyyaci. A ganina, ɓangaren da ya fi buƙatar tsarin hukuma, na ayari da rakiya da tafiyar rana, shi ne wanda ake yi a mota.