Tarihin Awon Iska: Ma'auni ne Ya Sauya ko Iskar?

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ya san cewa idan aka sauya mudu a tsakiyar awo, lissafin buhu ya ɓaci, ko da kuwa ba a taɓa ƙwaya ɗaya ba. Irin wannan matsala ce ta dabaibaye tarihin awon iska, domin kuwa alƙaluman da aka tara cikin shekaru ɗari biyu ba da ma'auni ɗaya aka tara su ba.

A shekarar 1805 wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara matakan ƙarfin iska, waɗanda daga baya suka tsaya a kan 0 zuwa 12, kuma a 1838 rundunar ta wajabta amfani da su. Awo ne na ido: matuƙi ya dubi halin jirginsa, daga baya kuma halin igiyar ruwa, sa'an nan ya rubuta lamba. A 1846 Thomas Romney Robinson, na gidan nazarin taurari da ke Armagh a Ailan, ya ƙera na'ura mai ƙoƙuna huɗu da iska ke juyawa. Ya ɗauka cewa ƙoƙunan suna gudun sulusin gudun iska, amma bincike ya nuna cewa abin ya danganta da girman ƙoƙo da tsawon hannun da ke riƙe da shi. A 1926 John Patterson na Kanada ya fito da mai ƙoƙuna uku.

A teku aka fi ganin illar wannan sauye-sauye. Rahotannin jiragen kasuwanci tun daga wajen 1950 sun nuna kamar iska tana ƙara ƙarfi shekara bayan shekara. A 1990 Cardone da abokan aikinsa suka nuna cewa yawancin ƙarin ba na iska ba ne. Jirage sun yi ta barin awon ido suna komawa ga na'ura, alhali jadawalin da ake juya lambobin Beaufort da shi bai dace da abin da na'urar ke bayarwa ba. Har ila yau jiragen sun ƙara girma, aka ɗaga na'urorin sama, iska kuwa ta fi gudu a sama bisa ga kusa da ruwa. Dalilin da ya sa ke nan ƙa'idar duniya ta tsayar da mita 10 a fili buɗaɗɗe.

A tudu kuwa akasin haka aka gani. A 2010 Vautard da abokan aikinsa suka duba tashoshi 822 na arewacin duniya, suka sami raguwar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin 1979 da 2008. Wani ɓangare na raguwar gaskiya ne, saboda itatuwa da gine-gine da suka yawaita suna tare iska. Amma an kuma tabbatar cewa boris ɗin na'ura mai ƙoƙuna yana tsufa, ya yi nauyi, har ta riƙa rage awon iska mai sauƙi. A Amurka an sauya wa tashoshin filayen jirgin sama tsari a shekarun 1990, sa'an nan tsakanin 2005 da 2009 aka kafa na'urori masu awo da sauti, waɗanda ba su da abin juyawa. Kowane sauyi ya bar tabonsa a cikin alƙaluma.

Kada a ɗauki wannan a matsayin gardamar malamai kawai. Ƙarfin da injin lantarki ke samu daga iska yana ninkuwa takwas idan gudunta ya ninku biyu, saboda haka kuskuren kashi 5 a awo yakan zama kusan kashi 16 a lissafin wuta. Mai zuba jari da mai tsara gada duka a kan waɗannan alƙaluma suke dogara.

Saboda haka masana suka ɗora wa kowace tasha nauyin ajiye tarihinta: ranar da aka sauya na'ura, tsayinta, da abin da aka gina kusa da ita. Sukan kuma bar tsohuwa da sabuwa su yi aiki tare na wani lokaci, a gwada bambancinsu. Ma'aikacin da ya rubuta ranar sauyin a littafin tasha ya yi wa na baya hidima daidai da wanda ya ƙera na'urar.