Kalmomin Ingilishi da ke ruɗa wanda ya yi lekol da Faransanci

Duk wanda ya tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san Hausa na kai shi nesa. Amma rasit, takardar likita da saƙon banki da Ingilishi suke zuwa. Mu kuwa Faransanci muka koya a lekol, shi ya sa in mun ga kalma mai kama da wadda muka sani sai mu ɗauka ita ce. Ga wasu da muka tattaro muku, da yadda ake faɗinsu.

Mu fara da lissafi, tunda nan ne kuɗi ke ɓacewa. Fifteen sha biyar ne, ana cewa "fiftiin", a ja ƙarshen. Fifty hamsin ne, "fifti", nauyin muryar na farko, ƙarshen gajere. Haka thirteen da thirty, sha uku da talatin, har zuwa nineteen da ninety. A waya, ko cikin hayaniyar tasha, wannan "n" ta ƙarshe ba ta fita sosai. In ciniki ne, ku ce a rubuta muku lambar a waya kafin a sallama.

Sai billion, da ake faɗi "biliyan". A Ingilishi miliyan dubu ne, ɗaya da sifili 9, wato abin da muke ce ma miliyar. A Faransanci kuwa billion miliyan miliyan ne, sifili 12. To in kun ji rediyon Najeriya ta ce biliyan goma, miliyar goma ake nufi.

A asibiti ma akwai tarko. Pain ba burodi ba ne, ciwo ne, "peen" ake cewa. Injury, "injari", rauni ne, ba zagi ba kamar injure na Faransanci. Drug kuma, "drag", na iya zama maganin da likita ya rubuta, ba lalle ƙwayar maye ba, saboda haka kar hankalin tsohuwa ya tashi in an ce ɗanta ya je sayen drugs. Biyu da ya kamata kowa ya riƙe: once sau ɗaya, ana faɗin "wans" ko da yake babu w a rubuce, twice sau biyu, "tuwais". Twice daily na nufin sau biyu a yini. In aka ce ku dawo bayan fortnight, "fotnait", sati biyu ne cif, kwana 14. Kalmar ba ta yawo sosai, an fi jin ta a Ingilishin Ingila, kuma asalinta dare goma sha huɗu ne.

Location, "lokeshin", wuri ne. In ɗan uwa a Legas ko Kumasi ya ce ku turo mashi location a WhatsApp, inda kuke yake tambaya, ba maganar haya ba. Car, "kaa", ƙaramar mota ce, ba babbar motar fasinja da muke kira kar ba. Waccan bus ce. For sale a jikin gida ko fili yana nufin na sayarwa ne, "seel", babu ruwansa da dauɗa.

Wasu kalmomin kuma ma'anarsu ba ta da wuya, bakin ne ke tuntuɓe, don Ingilishi na rubuta harufan da ba a faɗi. Receipt "risiit" ne, p ɗin shiru. Nan Hausa ta samo rasit. Debt, bashi, "det". Knife, wuƙa, "naif". Queue, layin jira, harufa biyar amma "kiyu" kawai ake ji, kuma daga Faransanci aka are ta, inda take nufin wutsiya. Wadda ta fi ba mu mamaki ita ce colonel: rubutu ɗaya da namu, amma Bature ɗan Ingila "kaanal" yake cewa. Shi ya sa hafsan da muke ce ma kolonel a Yamai, a Kano kanar ne.