Ɗan Iska Ɗan Wane Ne? Nazari a kan Kalmar Iskanci

Yawancin kalmomin da Bahaushe ke zargi da su suna nuna aiki ne takamaimai. Wanda ya ɗauki kayan wani ɓarawo ne, wanda ya yayyafa wa auduga ruwa don ta ƙara nauyi a sikeli ya yi algus, wanda ya tauye mudu ya yi ha'inci. Iskanci bai shiga wannan layi ba, domin babu wani aiki guda da za a nuna a ce shi ne. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, iskanci hukunci ne da jama'a ke yanke wa wanda suka ga ya tsinke igiyar da ta ɗaure shi da mutane, har ba sauran wanda yake jin nauyi.

Ƙirar kalmar ita ce hujja ta farko. An ɗauki iska aka liƙa mata ɗafin nan da ke cikin Katsinanci da almajiranci da shaƙiyanci, wanda ke nuna salon magana ko na rayuwa. Iskanci ke nan rayuwa irin ta iska, wadda ba ta da gida, ba a kuma san inda za ta kwana ba. A ƙasar da ake tambayar yaro ɗan gidan wa ne kafin a tambayi sunansa, a ce masa ɗan iska daidai yake da a ce ba a ga alamar wani gida a tare da shi ba. Hujja ta biyu tana bakin manoman Mahuta da sauran ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi. Ɗan ƙwadagon da ya karɓi kafin alƙalami don huɗar masara, gari ya waye ƙasa da laima, shanu a ɗaure, aka hango shi a teburin mai shayi yana dariya, shi ake cewa ya yi iskanci. Da ya aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da shi, ko da ƙarya ce, ba za a faɗi haka ba, saboda ƙaryar ma shaida ce cewa yana jin kunya. Dariyar ce ta jawo masa sunan. A littafinsa Mutumin Kirki na 1974, masani Kirk-Greene ya lissafa kunya da ladabi da mutunci cikin siffofin mutumin kirki, kuma dukkansu ba sa tsayuwa sai da idon wasu. Ɗan iska shi ne wanda idon nan ya daina yi masa nauyi.

Wani zai ce asalin kalmar iskokin bori ne, wato ɗan iska shi ne wanda aljanu suka juya wa hankali. Wannan magana tana da madogara, musamman a yankin da Murray Last ya zauna cikin Maguzawan Malumfashi wajajen 1970 yana nazarin cuta da magani, bayan masani Greenberg ya yi bayanin iskokin Maguzawan Kano a 1946. Sai dai harshen da kansa ya raba biyun. Wanda iska ta buge ana tausaya masa, a kai shi wurin malami ko boka, ba a ɗora masa laifi. Ɗan iska kuwa tsawa ake yi masa, don an san da hankalinsa yake. Ko da tushen ɗaya ne, rassan sun rabu.

Wani kuma zai ce a yau iskanci na nufin lalata kawai. Gaskiya ne ma'anar ta karkata can, a wa'azi da finafinai da Facebook, amma ba ta tsaya nan ba. Har yanzu uwa na ce wa yaron da ya ƙi aike “ka daina mini iskanci”, taubasai kuma na jifan juna da kalmar cikin raha. Ƙuntata ma'anar yana da illa babba: sai zargin ya tare a kan 'yan mata da samarin talakawa, a bar dillalin da ya ɓoye takin zamani a tsakiyar damina don farashi ya tashi, a riƙa gaishe shi da “ranka ya daɗe”. A bisa ma'aunin kalmar na asali, shi ma ya daina jin nauyin kowa.

Saboda haka kalmar tana da baki biyu. Abubuwan da ke ɗaure yaro da jama'a sun yi rauni: gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, ya ja baya, gayya ta koma ƙwadago, gonakin gado sun tsattsage, rashin tsaro kuma ya tura samari da dama tashoshin mota. Hausawa na cewa ɗa na kowa ne. Idan haka ne, duk wanda ya kira yaron unguwarsu ɗan iska ya amsa da bakinsa cewa igiyar ta tsinke, kuma bakinta ɗaya a hannun manya yake.