Ƙuri'ar Navrongo da ɗigon bitamin A

Ɗigon bitamin A da ake matsa wa yara a baki duk wata shida a wuraren awo na Kanvili da sauran unguwannin Tamale ya zama abin yau da kullum, har an manta cewa sai da aka yi gardama a kansa. Abin da ya raba gardamar a Gana shi ne ƙuri'a, kuma a ganina ita ce jigon labarin, fiye da sunan duk likitan da ya sa hannu.

Dabarar ta faro ne a gona. Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila a 1919, ya nuna cewa idan manomi ne ke zaɓar fegin da zai zuba wa taki, ba za a taɓa sanin ko takin ne ya yi aiki ko ƙasar ce mai kyau ba. Sai dai a bar ƙuri'a ta zaɓa. A 1948 Austin Bradford Hill ya bi wannan hanya wajen gwada maganin tarin fuka. Da Alfred Sommer ya bayyana a 1986 cewa bitamin A ya rage mutuwar yara da kashi 34 cikin ɗari a ƙauyuka 450 na Aceh a Indonesiya, masana da yawa suka yi tababa, domin ba a ba ƙauyukan da aka bari ƙwayar bogi ba, kowa ya san wanda ya samu.

Wannan giɓi ne aka toshe a Navrongo, arewa da Tamale kusa da iyakar Burkina Faso, tsakanin 1989 da 1991. An raba yankin Kassena-Nankana gungu 185, ƙuri'a ta raba su biyu, yara 21,906 suka riƙa karɓar ƙwaya duk wata huɗu. Na wasu bitamin ne, na wasu bogi, kuma daga iyaye har masu rabon babu wanda ya san wace ce wace. Hikimar a nan take: ma'aikaci ɗan Adam ne, in ya san yaron da ya sha na gaske zai iya ƙara masa kulawa ba da niyya ba. Yara 397 suka rasu a ɓangaren bitamin, 495 a ɗaya ɓangaren, wato ragin kashi 19 cikin ɗari. An buga sakamakon a mujallar Lancet a 1993.

Wani zai ce zalunci ne a ba ɗan talaka ƙwayar banza don a ƙirga gawa. Magana ce mai nauyi, amma a lokacin ba a tabbatar da amfanin ba, har ma wani gwaji a Sudan da aka buga a 1992 bai ga ragin mutuwa ba. Gwamnatin da ke da kuɗi kaɗan, idan ta zuba su a abin da ba ya aiki, ta hana yara wani abin da ke aiki. Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: gwajin da aka yi wa yara kusan miliyan ɗaya a Uttar Pradesh ta Indiya, wanda ya fito a 2013, ya ga ragin kashi 4 kacal. Wannan bai ƙaryata Navrongo ba, ya dai tuna mana cewa ƙuri'a tana amsa tambayar wuri ɗaya ne a zamani ɗaya, gwargwadon abinci da cututtukan mutanen wurin. Duk wanda ya ɗauki kashi 19 ya maƙala wa kowace ƙasa ya wuce abin da hujja ta ba shi.

Tashar gwajin ita ce ta zama Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo. A can ne Fred Binka da abokan aikinsa suka sake yin ƙuri'a a gungu 96 daga 1993 zuwa 1995, suka gano cewa gidan sauro mai magani ya rage mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin ɗari.