Lifidi a Allon Kwamfuta, Ganuwa a Bauchi

A watan Agustan 2021, masu tsara wasan dabarun yaƙi na Age of Empires III suka ƙara Hausawa cikin al'ummomin da ɗan wasa zai iya jagoranta. Kano ce babban birni, Sarauniya Amina ce jagora, ga 'yan lifidi, ga maharban Fulani. Duk saurayin da ya kunna wasan a unguwar Wunti ko Yalwa ta Bauchi zai ji daɗin ganin dokin kakanninsa yana sukuwa a allo. Masanin tarihi kuwa zai ɗaga gira, domin Amina 'yar Zazzau ce, kuma tsakaninta da jihadin Shehu Usmanu akwai ƙarni biyu ko fiye.

Rumawa ma haka aka yi musu. A wasan Rome: Total War na 2004, da zarar sharuɗɗa sun cika sai sanarwa ta fito cewa Mariyus ya sake fasalin soja, tsofaffin rundunoni su kau, ƙwararrun dakaru su maye gurbinsu. Mariyus dai mutum ne na gaske, ya zama shugaba a Rum a shekara ta 107 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma masana da yawa a yau suna ganin sauyin da ake jingina masa ya ɗauki tsawon zamanai, kuma hannaye da dama ne suka yi shi. Mai tsara wasa yana da uzuri: ɗan wasa yana son ya danna ya ga sakamako, kuma dole kowane ɓangare ya samu damar cin nasara.

Tarihin Bauchi yana nuna yadda irin wannan sauyi yake faruwa a zahiri. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, jama'ar Shehu ba su da dawakan kirki. Da kwari da baka suka tarwatsa baraden Yunfa, Sarkin Gobir. Amma da mulki ya kafu, sai masarautu suka koma ga doki, sulke da lifidi, wato kayan waɗanda suka kayar.

Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a rufe doki da ita tun daga wuya har kuturi, mahayi ma ya sa tasa, ya ɗora kwalkwali. Tana tare kibiya, amma tana da nauyi da zafi, kuma ɗan lifidin da ya faɗo da ƙyar yake tashi. Ga tsadar doki, ga ciyawa, ga masu kula da shi. Sai mai sarauta ko bawan sarki ke iya ɗaukar wannan nauyi.

Malam Yakubu, Bageri kuma almajirin Shehu, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa mai tsawon kimanin kilomita 10 da ƙofofi 9, irin su Ran, Jahun, Dumi da Nasarawa. A 1827 rundunarsa ta tare Shehu Laminu na Borno, wanda ya doshi Kano, ta mayar da shi baya. Bayan rasuwarsa a 1845, ɗansa Ibrahim ya gamu da wata irin fitina. Ningawa sun ja daga a kan duwatsu, inda dokin lifidi ba ya iya hawa, suka daɗe suna hana Bauchi da Kano sakat. Makamin da ke cin fili bai ci dutse ba. A 1902 kuma Turawan Ingila suka iso da manyan bindigogi, ganuwa ba ta tare su ba.

Babu laifi wasa ya taƙaita, muddin bai shafe dalilin abu ba. Wasan da zai tilasta wa ɗan wasa ya auna tsadar doki, ya yi lissafin damina, ya ji tsoron kai baradensa cikin duwatsun Ningi, zai fi daɗi kuma zai fi kusa da gaskiya.

Bauchi tana da matasa masu karatun kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, tana da dattawan fada da ke riƙe da labarin kowace ƙofa, kuma ana fitowa da lifidi a hawan sallah. Ya kamata matasan su zauna da dattawan nan, su naɗi bayaninsu, su tsara wasan Yakubu da hannunsu.