Kafin Elon Musk: Mutanen da aka fara buɗe wa kai

Ga rubutaccen shirin wannan makon ga waɗanda ba su da datar sauraro.

Na san da yawanku kun ga bidiyon nan na wani saurayi Ba'amurke, Noland Arbaugh, yana zaune a keken guragu yana buga darar Turawa a kwamfuta, ko yatsa bai ɗaga ba. Sau huɗu aka turo min shi, kuma kowane da rubutu iri ɗaya a ƙasa: wai Elon Musk ya ƙirƙiro na'urar da ke karanta tunanin mutum. Wasu na ta kabbara, wasu na cewa ƙarshen duniya ya zo. To gaskiyar magana, Musk ya iske hanyar an riga an share ta. Lokacin da aka kafa kamfaninsa na Neuralink a 2016, aikin nan ya haura shekara arba'in, kuma akwai mutanen da suka miƙa kawunansu, kai na gaske wanda ake buɗewa da wuƙar tiyata, kafin a kawo inda ake. Su nake so mu yi magana a kai yau.

Asalin abin daga Jamus ne. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Hans Berger, yana saurayi a aikin soja doki ya kayar da shi, saura ƙiris keken da ke jan igwa ya bi ta kansa. A ranar, yayarsa da ke can nesa ta ji gabanta yana faɗuwa har ta matsa wa mahaifinsu ya aika da telegiram a tambayi lafiyarsa. Berger ya ƙudurce cewa tunaninsa ne ya tashi ya je ya same ta, ya ƙarar da rayuwarsa yana neman hujja. Bai samu ba. Abin da ya samu a 1924 a birnin Jena shi ne ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fitar da ɗan siririn lantarki da za a iya zana shi a takarda. Sai da ya yi shekara biyar yana ɓoye sakamakon kafin ya wallafa a 1929. Gwajin nan da ake manna wa masu farfaɗiya wayoyi a kai a asibiti, daga nan ya samo asali.

A 1969 Eberhard Fetz a Seattle ya nuna cewa biri zai iya koyon motsa allurar wani ma'auni da ƙwayar ƙwaƙwalwarsa guda ɗaya, idan dai za a ba shi abinci duk lokacin da ta motsa. A 1973 Jacques Vidal na jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya raɗa wa fagen suna, haɗin ƙwaƙwalwa da kwamfuta. Amma wanda ya fi taimaka min na fahimci abin shi ne Apostolos Georgopoulos, a shekarun 1980. Ya gano cewa a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da motsi, kowace ƙwaya tana da ɓangaren da ta fi so: wata takan yi ta harbawa idan hannu zai yi dama, wata idan zai yi sama. Ka ɗauka zaɓe ake yi. Kowace ƙwaya ta jefa ƙuri'arta, idan ka ƙirga ƙuri'un sai ka san inda hannu ya nufa tun bai tashi ba.

Kun ga ke nan ba sirrin zuciya na'urar take karantawa ba. Wanda lakarsa ta tsinke a wuya, ƙwaƙwalwarsa ba ta daina ba da umarni ba, hanyar da saƙon zai bi ya isa hannu ce ta yanke. Sai a dasa ƙananan allurai su saurari ƙuri'un, a ce masa ya raya a ransa yana tura hannu hagu, kwamfuta ta lura da yadda ƙwayoyin suka yi, a maimaita, a maimaita, har su saba da juna. Bashin da kake ɓoyewa ko yarinyar da kake so, ba ruwanta da su.

To yanzu ga mutanen.

Johnny Ray tsohon sojan yaƙin Biyetnam ne. Mutuwar jiki ta kama shi a 1997, yana ji yana gani amma ba ya iya motsi ko magana. A 1998 Dakta Philip Kennedy ya dasa masa wata 'yar na'ura a Atlanta, kuma bayan watanni na wahala ya iya tura kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, yana zaɓen haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 2002.

Sai Matthew Nagle, wanda labarinsa ya fi tsaya min a rai saboda sa'anmu ne a lokacin. An caka masa wuƙa a wuya a 2001 a jihar Massachusetts, daga wuya zuwa ƙasa komai ya mutu. A 2004, bai cika shekara 25 ba, ya yarda aka dasa masa na'urar BrainGate ta ayarin John Donoghue na jami'ar Brown. Faɗinta milimita huɗu ne kacal, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, amma tana ɗauke da allurai ɗari. Akwai wani soket da aka ɗaure a ƙoƙon kansa, daga nan kebul mai kauri ya tafi zuwa tarin kwamfutoci. Da wannan ya buɗe imel, ya canja tashar talabijin, ya buɗe tafin hannun roba ya rufe. Duniya ta ɗauka, mujallar Nature ta buga a 2006. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan kamar shekara guda aka cire masa ita, domin haka tsarin gwajin yake. Ya rasu a 2007.

Cathy Hutchinson kuwa, a 2011 ta sa hannun mutum-mutumi ya ɗauko gorar kofi ya kai mata baki ta sha. Rabon da ta shayar da kanta kusan shekara 15. Ku nemi bidiyon ku kalli murmushin da ta yi bayan ta kurɓa, ni dai na kasa kallonsa sau ɗaya in bari. A Pittsburgh a 2012, Jan Scheuermann ta ce burinta ta ci cakulan da kanta, kuma ta ci, da wani hannun ƙarfe da ta raɗa wa suna Hector. A 2014 aka cire mata nata allurorin, ta rabu da Hector.

Bari in ɗan ratse, domin akwai wata hanyar da ba a taɓa ƙwaƙwalwa. Jesse Sullivan ma'aikacin wutar lantarki ne a Tennessee, wuta ta ja shi a 2001 aka yanke hannayensa biyu daga kafaɗa. Dakta Todd Kuiken a Chicago ya ɗauki jijiyoyin da a da suke zuwa hannu, ya karkatar da su zuwa naman ƙirji. Idan Sullivan ya yi niyyar dunƙule hannu sai wani gefe na ƙirjinsa ya motsa, na'ura ta ji, hannun roba ya dunƙule. Abin mamaki, idan aka taɓa wani wuri a ƙirjin sai ya ji kamar hannunsa da babu aka taɓa. Kuɗin irin waɗannan bincike kuma, kaso mai tsoka daga ma'aikatar tsaron Amurka ya fito, ta hukumarta ta DARPA da ta buɗe babban shirin hannayen roba a 2006, lokacin da sojoji ke dawowa daga Iraƙi da Afganistan babu gaɓoɓi. Ba na cewa tausayi babu a ciki, amma yaƙi ne ya buɗe lalitar.

Wanda ya fi kowa fito da matsalar fili shi ne Ian Burkhart. Yana da shekara 19 ya yi tsalle cikin teku a 2010 ya karya wuya. A 2014 aka dasa masa na'ura a jami'ar jihar Ohio, aka haɗa ta da wani abu kamar safa da ake zura masa a hannu mai tsikarar tsoka da lantarki. Shi ba hannun ƙarfe ya motsa ba, nasa na jini da tsoka ya motsa. Ya zuba abu daga kwalba, ya goga katin banki. Amma duk wannan a ɗakin gwaji ne. Idan an tashi sai a cire kebul, ya koma gida hannunsa a mace. Shekara bakwai yana wannan zirga-zirga. A 2021, kuɗin binciken ya yi ƙasa, ga ciwo ya kama fatar kansa wajen soket ɗin, aka cire. Ku tsaya ku auna: an karɓe maka hannu, an dawo maka da shi, an sake karɓewa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar ido mai ba su ɗan gani, sai ya daina yin ta a 2019, a 2020 ya kusa rushewa. Mutane suka wayi gari da na'ura a cikin ido, idan ta lalace babu mai gyara.

Nan ne labarin ya zo min gida, duk da nisan da ke tsakani. A ƙungiyarmu ta matasa mun taɓa haɗa kuɗi muka yi wa wani yaro ƙafar roba bayan haɗarin babur. Muka ɗauki hotuna, muka saka a Facebook, aka yi ta sa mana albarka. Ba mu yi lissafin cewa yaro girma yake yi ba. Kafin shekara biyu ƙafar ta matse shi har tana ji masa ciwo, ya jingine ta a lungu ya koma sandarsa, mu kuma mun riga mun wuce wani aikin. Na ji kunya ranar da na gan ta a jingine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum goma da ke buƙatar irin waɗannan kayan taimako, ɗaya ne ke samu, kuma wannan lissafin samu ne kawai, ba a zo maganar gyara ba. Shi ya sa idan na ga ana raba kekunan guragu gaban kyamara, tambayata ɗaya ce: wa zai sayi taya?

Kada a ce na raina abin da Neuralink ya yi. Na'urar da aka dasa wa Arbaugh a watan Janairun 2024 a Arizona ba ta da kebul, ba ta da soket a waje, tana da wuraren sauraro 1,024 a kan siraran zare 64, kuma a gida yake amfani da ita, abin da Nagle da Burkhart ba su taɓa samu ba. Ko da akasarin zaren suka zame daga ƙwaƙwalwarsa bayan 'yan makonni, injiniyoyi sun gyara manhajar ya ci gaba da aiki. Wannan ci gaba ne na gaske.

Shi kuwa Burkhart bai zauna ba. Ya tattaro 'yan uwansa da aka yi gwaji a kansu suka kafa ƙungiya, BCI Pioneers Coalition, suna neman a riƙa zama da su tun kafin a fara, a kuma faɗa a rubuce wa zai ɗauki nauyin na'urar idan bincike ya ƙare ko kamfani ya karye. Gwajin da Arbaugh yake ciki an tsara shi ne na kimanin shekara shida. Idan kun lissafa daga 2024, wajen 2030 ke nan. Na rubuta shekarar a littafina, idan Allah ya kai mu zan dawo muku da labarinsa.